Saiwar Rawaya a Shayin Baba Rofiat

In ka tambayi Iyabo sana'arta ba ta yi maka kwana-kwana, ɓeraye take kiwo. Takan faɗa ne ta tsaya tana kallon fuskarka, don ta san abin da zai biyo baya. Wasu su yi dariya, wasu su ja da baya kamar da ɓeran a cikin jakarta, wata maƙwabciyarta kuma ta taɓa cewa ita dai ba ta ƙara cin ƙosan gidan ba tun da ta ji. Iyabo ba ta damu ba. Da kiwon ɓeran nan ta aurar da 'yarta, da shi ta sake rufin ɗakinta a Jos Jarawa, kuma da shi ne ta kusa rasa mijinta, ta kuma same shi. Wannan na ƙarshen shi ne labarin.

A Jos aka haife ta. Mahaifinta ɗan Ogbomosho ne da ya hauro da atamfofi tun zamanin da kuza ke da daraja, ya zo da niyyar shekara biyu, aka binne shi a nan yana da jikoki. Hausa ta riga Yarbanci zama a bakin Iyabo, ko da yake in ranta ya ɓaci Yarbancin ne ke fara fitowa. Ta yi sakandare ba ta gama ba, ta ɗan taɓa sayar da kayan miya, sannan ta auri Lasisi, direban tifa, mutum mai faɗin kafaɗa da son barkwanci, wanda ke ɗebo yashi daga tsofaffin ramukan kuza na wajen Naraguta yana kai wa masu gini. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Rofiat, shi ya sa unguwa ta manta da sunayensu na yanka, sai Iya Rofiat da Baba Rofiat.

Shara ta fara yi a jami'a. Da aka nemi wanda zai kula da ɗakin dabbobin gwaji na sashen haɗa magunguna, kowa ya toshe hanci ya ce yana da uzuri, ita kuwa ta ce wari ba ya kisa. Haka ta shiga cikin fararen ɓeraye masu jajayen idanu, tana canza musu dusar katako, tana zuba musu abinci da ruwa, tana gane mai lafiya da mai zazzaɓi daga yadda gashinsa ya kwanta. A can ta haɗu da Dokta Ifechi, wata malama 'yar Anambra, siririya, mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ta ba da rayuwarta ga tambaya guda: ko a cikin itatuwan da mutanen ƙasar nan ke jiƙawa su sha akwai wanda zai iya kare hanta daga ɓarnar da magani kan yi mata in ya yi yawa.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, ko da yake ɗalibai kan rikita shi da manyan kalmomi. A samo saiwa ko ganye, a wanke, a shanya a inuwa don rana tana cinye ƙarfinsa, a daka, a jiƙa, a tace, a ƙafar da ruwan har ya zama wani abu mai danƙo kamar maɗi. Sai a raba ɓeraye kashi-kashi. Wasu ba a ba su komai sai abinci. Wasu a ɗura musu farasitamol mai yawan da zai ji wa hanta ciwo. Wasu kuma a fara ba su tsimin na wasu kwanaki, gwargwadon nauyin kowane ɓera, sannan a ɗura musu maganin. A ƙarshe a auna jininsu, a buɗe a duba hantar. Ɗalibai suna kiran kashin nan da lambobi, Iyabo kuwa ta raɗa musu nata sunayen. Na farko 'yan kallo, na biyu marayu, na uku 'yan gata. Sunayen suka bi ɗakin, har Dokta Ifechi kan manta ta ce a kawo mata marayu a gaban baƙi.

Ranar buɗewa ita ce ranar da Iyabo ba ta so, amma ba ta taɓa guje mata ba, ita ke riƙe faranti. Da idonta ta ga hantar ɗan kallo, ja wur, sumul. Ta ga ta maraya ta koɗe, ta yi dabbare-dabbare, tana neman marmashewa. Ta kuma ga ta ɗan gata, wadda ba ta kai ta farko kyau ba amma ta fi ta biyu nesa ba kusa ba. Gani ya kori ji. Duk cikin itatuwan da suka gwada, wanda ya fi shiga ranta shi ne rawaya, wannan ɗan tsiron da kan fitar da fure ruwan ɗorawa a ƙasa-ƙasa bayan an ƙone daji, mai saiwa da in ka fasa ta sai ta rina maka hannu.

Mai kawo musu saiwar Zulaihatu ce, wata Bafulatana daga rugar wajen Vom, wadda ke shigowa gari da ƙwaryar nono. Tun tana kawowa don a biya ta har ta koma tana tsayawa su ci abinci tare da Iyabo a bayan ɗakin ɓeraye, inda iska ke kore wari. Suka zama hanta da jini. Zulaihatu ba ta taɓa yarda cewa akwai hankali a ciyar da ɓera ba, takan ce mutanen boko sun rasa abin yi ne, rawayar da kakanninta suka sani tun fil azal ita ce sai ɓera ya ba da shaida a kanta.

To, a gida akwai Lasisi da ƙullinsa. Tifa ba ta tausayin ƙugu, hanyar ramukan yashi kuma ba hanya ba ce, ga shekaru sun fara hawa. Tun asuba kafin ya tayar da mota sai ya tsaya wurin wani mai kemis a bakin tasha a haɗa masa abin da direbobi ke kira haɗi, ƙwayoyi fari da ja da rawaya a ƙulle a leda, a watsa a baki a bi da ruwan shayi. Ban da wannan kuma akwai katin farasitamol a aljihun gaban rigarsa, yana ɓallewa yana jefawa kamar gyaɗa duk lokacin da bayan ya motsa. Ranar da Iyabo ta kwance ƙullin ta duba, sai ta ga rabin abin da ke ciki farasitamol ne da aka canza wa riga. Ta san fuskar wannan maganin fiye da kowa a unguwar.

Ta yi magana. Ta yi da lallashi, ta yi da faɗa, ta yi da Yarbanci. Ta kwatanta masa hantar maraya yana cin abinci har ya ture kwano. Lasisi ya ce shi ba ɓera ba ne, ɓera ko buhun siminti bai taɓa ɗagawa ba, kuma in ya daina sha wa zai tuƙa motar, ita ko Dokta? Ya ce duk tashar haka ake yi, ga su nan garau. Mutum ne da ba ya faɗa, dariya yake mayar da komai, kuma babu abin da ya fi wannan gajiyar da mai yi wa mutum nasiha. In ta matsa sai ya kira ta Farfesa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Nan ne dabara ta zo mata, kuma ni ban ga laifin zuciyar da ta kawo ta ba, ko da yake dabarar banza ce. Ta ce a ranta, tunda ba za ta iya raba shi da maganin ba, ai ta san abin da ake yi wa wanda za a ɗura wa magani. Mijinta ba zai zauna a maraya ba alhali ita ke raba gata a wurin aiki. Ba ta taɓa ko ɗigon abin da ke ɗakin gwaji ba, wannan amanar mutane ce. Zulaihatu ta roƙa ta riƙa ƙaro mata saiwa ta kanta. Ta shanya a inuwar bayan ɗaki yadda ta saba, ta daka, ta fara da barbaɗawa a miya inda manja zai rufa mata asiri. Da ta ga bai ce komai ba sai ta koma tafasawa, tana tacewa tana haɗawa da shayin da take cika masa fulas da shi kowace safiya, ta ƙara citta da kanumfari don su danne ɗacin. Ta ce masa maganin sanyin Jos ne. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce sanyin ma ya fi wannan daɗi, amma ya tafi da fulas ɗin, kuma kullum a wanke yake dawo da shi.

Daga nan gida ya yi lafiya. Ta daina faɗa a kan ƙwaya, shi ma ya daina kiranta Farfesa. In ta ga ya jefa farasitamol a baki sai ta kau da kai, ta ce a ranta ai an riga an yi masa shimfiɗa. Abin da ba ta tsaya ta tuna ba shi ne, a wurin aiki ba a ba ɓera komai sai an ɗora shi a sikeli, ita kuwa da tafin hannu take aunawa, in ta ga ya gaji ta ƙara. Sannan ɓera sau ɗaya ake ɗura masa maganin a gama, mijinta kuwa kullum ne, damina da rani. Ta san duk wannan sarai, amma so ya rufe mata ido. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, nata ma ba ƙarami ba ne, ajiye shi ta yi a ƙofar gida ta shiga.

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Aka wayi gari Lasisi ba ya son abinci, shi da ke share kwano har ya leƙa tukunya. Sai tashin zuciya, sai kasala, sai ya dawo da rana tsaka ya kwanta ya ce zazzaɓi ne. Ya sha maganin zazzaɓi, ya bi da farasitamol don jikin ya saki. Iyabo ta ƙara saiwa a shayi. Ranar wata Asabar Zulaihatu ta biyo da nono, ta tarar da shi zaune a kan benci a tsakar gida yana shan hantsi. Ta gaishe shi, ta ɗan tsaya, sannan ta ja Iyabo gefe.

"Iya, kin duba idon maigidan nan kuwa? Shawara ce fa."

Ɗakinsu ba shi da haske sosai, kuma mai ganin mutum kullum shi ne na ƙarshen ganin ya canza. Iyabo ta je ta ɗaga masa haɓa ta juya fuskarsa wajen rana. Farin idon ya zama ruwan ɗorawa, kalar da ke hannunta duk ranar da ta daka saiwa. Zulaihatu, da kyakkyawar niyya, ta ce ai abin ya zo da sauƙi tunda maganin shawara yana gidan, rawaya ce, a ninka masa a ba shi safe da yamma, haka ake yi a ruga. Iyabo har ta ɗora tukunya. Tana tsaye ruwan ya fara motsi, sai farantin nan ya faɗo mata a rai, da abin da ke kansa ranar buɗewa. Ta tuna ba ta taɓa ganin an ba ɓera tsimi bayan hantar ta riga ta lalace ya tashi ba, ba ta ma san ko ana yi ba. Ta sauke tukunyar ta ɗauki waya.

Dokta Ifechi tana kasuwar Terminus lokacin. Ba ta tambayi dogon bayani ba, ta ce kada a ba shi komai, ko farasitamol ko ganye, ga ta nan. Ta zo da ƙaramar motarta da kayan miya a kujerar baya, aka ture su gefe aka kwantar da Lasisi, yana ta cewa shi fa ba wani abu ba ne, gajiya ce. Kafin su isa asibiti ya fara magana ba kan gado, yana kiran yaran motarsa su ɗaure bodin tifar. Wannan ya fi komai tsorata Iyabo, mutumin da bai taɓa rasa amsa ba yau bai san inda yake ba.

Aka ɗebi jini, aka sa masa ƙarin ruwa. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya zaunar da ita ya ce yana so ya san duk abin da ya shiga cikin mutumin nan a watannin baya, kada ta bar komai. Ta lissafa haɗin tasha, ta miƙa masa ledar da ta ciro daga aljihunsa, ta faɗi katin farasitamol. Ya rubuta, sannan ya tambaya ko yana shan na gargajiya. Dokta Ifechi tana tsaye a gefenta. Kunya ta rufe Iyabo tun daga kai har ƙafa, don a gaban matar da ta koya mata auna komai za ta ce ta yi wata da watanni tana ɗura wa mijinta saiwa da ka. Da ƙarya za ta tsaya a kanta ita kaɗai, wataƙila da ta yi. Amma ran Lasisi ne a kan gadon, kuma likita ba ya gyara abin da aka ɓoye masa. Ta faɗa duka, har yawan da take zubawa da lokacin da ta fara.

Likitan bai yi mata tsawa ba. Ya ce ya gode da ta faɗa, mutane da yawa ba sa faɗa sai an makara. Ya ce farasitamol ne babban mai laifi, akwai kuma ruwan da za su sa masa mai taimakon hanta ta fitar da dafinsa. Saiwar kuwa ba zai iya ce mata ta taimaka ko ta ƙara wa hantar kaya ba, babu wanda ya sani, shi ya sa dole a tsayar da ita. Sauran kuma sai abin da jini ya nuna a kwanakin da ke tafe. Ya ce hanta tana da haƙuri, takan gyara kanta in an bar ta ta huta, amma akwai inda in an wuce ba ta dawowa, kuma bai san ko sun wuce ba tukuna.

A barandar asibitin Iyabo ta kasa ɗaga ido. Ta ce wa Dokta Ifechi in ta ga dama ta kore ta daga aiki, ta cancanta. Dokta ta zauna kusa da ita a kan benci, abin da ba ta cika yi ba, don ita ba mai zama ba ce.

"Mama, wa zai kore ki? Ni ma ina da laifi a nan. Shekara nawa muna aiki tare, kina ganin result, ban taɓa zama na gaya miki inda result ɗin ya tsaya ba. Abin da muka gani, a ɓera muka gani. Ya rage ɓarna, bai hana ba. Kafin a ce mutum ya sha, da sauran tafiya mai nisa, wataƙila ni ma ba zan ga ƙarshensa ba."

Iyabo ta ce to me amfanin wahalar da suke sha, su da ɓerayen. Dokta ta ce amfaninta shi ne wata rana a san gaskiya, a san nawa ne ke taimako, nawa ne ke cutarwa, don kada wata ta sake aunawa da tafin hannu. Ta ƙara da cewa ɓerayen ne ma suka sa ta sauke tukunya ta kira waya, don haka kada ta raina su.

Kwanakin da suka biyo baya Iyabo ba ta iya tuna su a jere. Rofiat ta taso daga Bukuru da goyo. Zulaihatu ta riƙa zuwa da nono da fura ga masu jinya, ta zauna a bakin ƙofa kai a sunkuye, don ita ma abin ya tsaya mata a rai, ita ta haƙo saiwar da hannunta. Direbobin tifa suka zo rututu da ƙurar yashi a ƙafa, suka cika baranda har ma'aikaciyar jinya ta kore su, kowannensu kuwa da ƙullinsa a aljihu, Iyabo tana gani. Dokta Ifechi takan biyo bayan aiki ta karɓi takardar gwaji ta karanta, ta fassara mata da Hausarta mai tafiya da ƙafa ɗaya. Da farko lambobin hawa suke yi. Sannan suka tsaya. Ranar da suka fara sauka, Dokta ta rungume ta a gaban mutane.

Hankalin Lasisi ya dawo kafin ƙarfinsa. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ke tuƙa motarsa, na biyu kuma me ya same shi. Da aka ce masa shawara ce, sai ya juya idanunsa masu rawaya wajen matarsa ya ce, wato shawarar da ya ƙi karɓa ta kunne ita ce ta zagayo ta shigo ta ido. Rofiat ta ce Baba ya warke tunda bakin ya dawo. Iyabo ba ta yi dariya ba, fita ta yi ta sami lungu ta yi kukan da ta riƙe tun ranar Asabar ɗin.

Da aka sallame su, likita ya kafa sharaɗi: babu haɗi, babu farasitamol sai da izini, babu jiƙe-jiƙe, babu tifa sai an ga hali. Bayan ya dawo gida aka duba ƙugun da ya jawo duk wannan, aka koya masa motsa jiki, ƙungiyarsu ta direbobi kuma ta ba shi kujera a tasha yana tsara layin motoci, aikin da ya dace da mai baki. Iyabo kuwa ta shiga zagayen godiya, don ita a gidansu ba a barin alheri ya kwana ba a gode ba. Ta je ta durƙusa har ƙasa a ofishin Dokta Ifechi, wadda ta girme wa nesa, har Dokta ta rasa inda za ta sa kanta ta durƙusa ita ma, ɗalibai suka tarar da su biyu a ƙasa. Ta kai wa likitan kwandon dankalin Turawa. Ta hau mota har rugar su Zulaihatu ta ce mata idonta ne ya fara ceton mutumin, ta daina sunkuyar da kai. Ranar da ta koma aiki kuma ta tsaya a gaban kejin marayu ta daɗe, ta ce musu sannunku, Allah ya saka muku. Wani ɗalibi ya ji ya yi dariya, ta ce ya yi ta yi, shi bai san bashin da ke tsakaninsu ba.

Abu ɗaya ya rage mata, shi ne a saninta Lasisi bai san abin da ke cikin shayinsa ba. Lokacin da ta gaya wa likita ba ya cikin hayyacinsa, bayan nan kuma kowa ya kama bakinsa. Ta sa a ranta ba za ta faɗa masa ba sai idon ya washe, kada ta haɗa masa ciwo biyu. Kowace safiya in rana ta fito takan fito da shi tsakar gida, ta ɗaga masa haɓa, ta ja fatar idon ƙasa da babban yatsa ta duba. Yakan ce ko akuyar Sallah ba a yi mata wannan binciken. Rawayar ta riƙa ja da baya a hankali, daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙwai, daga nan sai ɗan saura a gefe-gefe.

Wata safiya ta duba ta sake dubawa, ta juya shi wajen haske sosai, ba ta ga komai ba sai fari. Sai ta saki fuskarsa ta durƙusa a gaban bencin, ta ce Baba Rofiat ya yafe mata, akwai abin da ta yi masa a ɓoye. Ta faɗa masa tun daga miya har fulas, da dalilinta, da yadda ta daina yi masa faɗa don ta ɗauka ta riga ta tare masa. Ya saurara har ta gama bai katse ta ba, abin da bai saba ba.

"Iya Rofiat, tashi. Na sani ai."

Ta ɗago ta dube shi.

"Tun makon farko na sani. Wane irin maganin sanyi ne ke rina fulas? Na tambayi Zulaihatu a tasha, ta ce saiwar da kuke ba ɓeraye ce don hanta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce duk tashar nan wa ke da mata irin tawa. To kin san abin da na yi? Da ina ɗan jin tsoron maganganunki, ina ragewa a ɓoye. Da na ga kin tsaya mini, sai na saki jiki na ninka. Na ce ai matata a jami'a take, ta san abin da take yi."

Iyabo ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe duk safiyar da ta tashi da duhu tana tafasa saiwa don ta kare shi, ƙofa take ƙara buɗe masa. Shi kuma duk ɗacin nan da ya yi ta haɗiya bai taɓa zubarwa ba, don ya yarda da ita ne. Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi, ta rasa wanda za ta fara yi wa faɗa, shi ko kanta. Garin neman gira sun kusa rasa ido, su biyun, kowa yana ganin alheri yake yi wa ɗan'uwansa.

Lasisi ya miƙo hannu ya kama nata, hannun da ya rame har zobensa yana juyawa.

"Kin gani, ni da ke mun haɗa kai mun kusa kashe mutum guda. Kuma mutumin kirki."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Ta riƙe hannun da nata biyu, ta ce Alhamdu lillahi da Allah bai biye musu ba, ya bar mata shi.